Babban Gida Ba Dare Ɗaya Yake Cika Ba

Wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen cikin garin Lafia ya san yadda ake ratsa sashe bayan sashe kafin a kai ɗakin tsohuwa. Abu uku ke cika irin wannan gida: ana haihuwa, tsofaffi na nisan kwana, baƙo kuma in ya sauka sai ya yi aure ya zauna. Masana tsirrai sun daɗe suna neman dalilin da ya sa wasu dazuzzuka suka fi wasu yawan nau'in itatuwa, kuma amsarsu ba ta yi nisa da waɗannan ukun ba.

Yawan kuwa ba na wasa ba ne. A 1988 masanin tsirrai Alwyn Gentry ya ba da rahoton kusan nau'in itace 300 a hekta ɗaya tak a Yanamono ta ƙasar Peru. Dajin Amazon baki ɗaya an ƙiyasta yana da kimanin 16,000.

Haihuwa ta fi ƙarfi inda ƙasa ke raba 'yan'uwa. Da duwatsun Andes suka yi ta tashi cikin shekara miliyan 10 da suka wuce, koguna sun sake hanya, kwari ya rabu da kwari. Itacen da ya tsinci kansa a tsallake sai ya saba da ƙasar can da ƙwarin can, kamar ɗan da ya fita ya kafa sashensa, har ranar da garin furen wannan ɓangare ya daina kama wancan. Dangin itacen Inga da ke can kaɗai ya kai kusan nau'i 300, kuma cikin wannan ɗan tsakanin aka haife su.

Nisan kwana kuma ɗumi da ruwa marasa yankewa ne ke ba da shi. A nan ne Afirka ta yi asara, abin da ke sosa mini rai duk lokacin da na tuna. Fari ya sha shiga gidanmu. Kimanin shekara 20,000 baya, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, damina ta yi rauni a nan, kurmi ya tsuke ya koma 'yan tsibirai a wajajen Kamaru da Gabon. Abin da bai samu mafaka ba ya tafi ke nan. Dubi dangin giginya da goruba da kwakwar manja: duk faɗin nahiyar nan ba su kai nau'i 70 ba, alhali tsibirin Madagaska kaɗai yana da kusan 200.

Baƙi fa? Ɗorawar da ake daddawa da kalwarta tana da dangi fiye da 30 a duniya, mafi yawansu a Amurka ta Kudu, kuma bincike na nuna daga can zuriyar ta taso kafin ta tsallako teku. Yau wa zai kira ɗorawa baƙuwa a Nasarawa?

Lafia na zaune a bakin ƙofa tsakanin kurmin kudu da dajin ciyawa na arewa, shi ya sa ana iya ganin wannan tarihi da ido. Ka tsaya gaban namijin kaɗe bayan an ƙona daji da kaka. Gindinsa baƙi ƙirin, amma in ka kankare ɓawon da farce za ka tarar da kauri mai laushi da ya tare wutar, kuma ba da daɗewa ba sai ga sabon ganye ja ya tsiro a kai. Yana da ɗan'uwa na jini a kurmin kudu, dogo sambal, mai katakon da ke nutsewa a ruwa don nauyi, wanda bai san wuta ba. Haka maje, haka ɗorawa: kowanne ya bar ɗan'uwa a kurmi. Ciyawa ta mamaye ƙasa ne cikin shekara miliyan 8 da suka wuce, ta zo da gobara, sai waɗanda suka iya zama da ita suka kafa sabon sashe. Waɗanda ba su iya ba suna nan laɓe a siririn kurmin da ke bin gaɓar koguna irin Mada, inda inuwa ke da sanyi ko da bazara.

Wannan siririn kurmi ne nake ji wa tsoro. Buhunan gawayin da ke jere a bakin hanyar Lafia zuwa Akwanga daga jikin ƙirya da makamantanta suke fitowa, gonar doya kuma kowace shekara tana ƙara matsowa gaɓa. Jami'ar Tarayya ta Lafia, da aka kafa a 2011, tana da ɗaliban kimiyyar tsirrai. Ina so in ga an tura su gaɓar Mada tare da mafarauta da masu maganin gargajiya, su rubuta sunan kowane itace da Hausa da Eggon da Alago, su adana ganyensa da irinsa tun gatari bai riga su ba.