Kawunan Nok da Ramukan da Aka Bari a Daji

A shekarar 1943 wani malamin ofis a filin haƙar kuza kusa da Jama'a ya samu wani kan mutum na gasasshen yumɓu, ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya yana tsorata masa tsuntsaye. Daga can kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulkin mallaka da ke Jos wanda ya karanta ilimin tono kayan tarihi. Fagg ya lura aikin ya yi kama da na wani kai da masu haƙar kuza suka tono a 1928 a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba a kudancin Kaduna. Da sunan ƙauyen ake kiran mutanen da suka ƙera su har yau, domin sunan da suke kiran kansu ya bi su ƙasa.

Wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗaya daga cikinsu a gidan tarihi na Jos ko na Kaduna ba ya mantawa da idanun: masu kusurwa uku, da huji a tsakiya. Ga kitso iri-iri, ga tsakiya a wuya da ƙugu. Cikinsu fayau yake, an gina su zobe kan zobe yadda ake ginin tukunya. Suna cikin mutum-mutumi mafi daɗewa da aka sani a Afirka kudu da Sahara.

Sai dai kusan duk abin da aka sani game da rayuwar mutanen Nok ba daga kawunan ya fito ba. Daga tarkacen da ke gefensu ya fito, wato gawayi da tsingaro da ƙonannun ƙwayoyin hatsi. Duk wani abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke fara raguwa da zarar ya mutu, rabinsa yana tafiya cikin kimanin shekara 5,730. In aka auna abin da ya saura a ƙwayar gero guda, sai a san lokacin da aka girbe ta. Ta wannan hanya masana na Jami'ar Goethe da ke Farankfot a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, waɗanda suka soma aiki a yankin a 2005, suka nuna cewa mutanen nan sun zauna a wurin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ginin mutum-mutumin ya kankama ne wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Gero suke nomawa da wake, suna cin atili. A 2021 aka fitar da sakamakon binciken da ya gano ɓurɓushin kakin zuma a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku na tsingaron da aka gwada. A Taruga kuwa, kusa da Abuja, tun a shekarun 1960 aka tono murhunan narka tama da suka girmi shekara 2,000.

Akwai abin da har gobe ke ɗaure wa masanan kai. Kusan duk mutum-mutumin da suka tono da hannunsu a farfashe suka same shi, kuma alamu sun nuna da gangan aka fasa aka binne. Sau da dama ana samunsa kusa da jerin duwatsu da tukwane da sarƙar tsakiya, abin da ya yi kama da kabari. Amma ƙasar yankin mai tsami ce, ta cinye ƙasusuwa sarai. Amsar tana cikin yadda kayan suke kwance da abin da ke maƙwabtaka da su, kuma wannan ne abu na farko da diga da shebur ke rusawa.

Tun daga shekarun 1990, da kasuwar waɗannan kaya ta buɗe a Turai da Amurka, ƙungiyoyin masu haƙa suka bazama daji. Mafi yawan kufan da masanan Jamus suka isa, sun tarar an riga su, wuri duk ramuka, an ɗauke kai an watsar da sauran. Ban ga laifin manomin da talauci ya kai shi rami kamar na dillalin da ya aike shi ba, don kuwa kura ce da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Abin da aka ba mai haƙa 'yan kuɗin cefane a kai, shi ake sa wa farashin dubban daloli a Faris ko Burasel. A 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta sa kayan Nok cikin jerin waɗanda ta gargaɗi kowa kada ya saya. A wannan shekarar ce kuma aka baje biyu daga cikinsu a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, aka yi ta cece-kuce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, amma aka bar mata su aro na shekara 25.

Ɓarnar ba ta tsaya a ƙasar Nok ba. Akwai mutum-mutumin yumɓu da kasuwa ke kira na Katsina da na Sakkwato, kuma kusan dukkansu ta hannun masu haƙar sata suka fito, shi ya sa labarin masu su ya fi na Nok duhu. Kwatarkwashi a Zamfara ta ga irin wannan haƙa. A Nijar ma, kufan Bura da Boubé Gado ya tono a 1983 sun sha wawaso bayan an baje kolin kayansu a Faransa.

Wani kuma ba sayarwa yake yi ba, fasawa yake, wai gunki ne. Babu mai cewa a girmama yumɓu. Ajiye shi a gidan tarihi don a san su wa suka riga mu noma wannan ƙasa wani abu ne dabam.

Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya ta haramta cinikin irin waɗannan kaya ga wanda ba shi da izini, da kuma fitar da su waje. Wanda garmarsa ko ginin rijiyarsa ya ci karo da wani abu, ya dakata da haƙa a wurin. Kada ya wanke, kada ya tsince tsingaro da gawayin da ke kewaye, kada ya tara su wuri guda da nufin gyara. In da waya a hannu ya ɗauki hoto yadda abin yake kwance, ya mayar da ƙasa ya rufe, sannan ya sanar da mai unguwa ko dagaci, su kuma su kai magana gidan tarihi mafi kusa, ko Kaduna, ko Jos, ko Gidan Makama a Kano.