Aron Suna da Aron Hali: Jan Hankali ga Masu Rubuta Labarin Ɗori

A shekarar 1967 wasu masoyan shirin talabijin na Amurka mai suna Star Trek suka fitar da wata 'yar mujalla, Spockanalia, wadda suka cika da rubutun da suka yi da kansu a kan taurarin shirin. Ba kamfani ne ya sa su ba, ba kuma riba suke nema ba. Labarin ne ya ƙi sakin su bayan an kashe talabijin. Wannan shi ne abin da ake kira fan fikshan, wato labarin ɗori: mai karatu ko mai kallo ya ɗauko taurarin wani littafi ko fim ya ƙaga musu sabon labari. Yau manyan rumbunansa a intanet, FanFiction.net da aka buɗe a 1998 da Archive of Our Own da ya fara aiki a 2009, suna ɗauke da miliyoyin labarai, na biyun ma har ya ci kyautar adabi ta Hugo a 2019. Matasanmu da ke rubutu a shafin Wattpad sun saba cin karo da irinsa. Shawarwari kan yadda ake tsara shi suna da yawa, amma a ganina wuri ɗaya akasarin masu farawa suke tuntuɓe: suna aron sunan tauraro su bar halinsa a baya.

Bahaushe bai kamata labarin ɗori ya zame masa baƙon abu ba, domin ya girma da Gizo. Babu wanda ya mallaki Gizo, kowace kaka tana iya ƙaga masa sabuwar tafiya, ta haɗa shi da kura yau gobe da sarki. Amma ranar da ta kawo Gizo mai gaskiya, mai ƙoshi, wanda ba shi da tsamin baki kuma ba ya cutar Ƙoƙi, yara ne za su fara ce mata wannan ba Gizo ba ne. Marubucin da ya ƙirƙiri tauraronsa yana da shafuka da yawa na gabatar da shi, kuma duk abin da ya faɗa a kansa dole a karɓa. Mai ɗori ba shi da wannan gata. Mai karatunsa ya riga ya san tauraron, wani lokaci ma fiye da shi, kuma saninsa ne ya kawo shi. Da zarar tauraron ya buɗe baki ya faɗi abin da ba zai taɓa faɗa ba, an rasa mai karatu, komai daɗin salo.

Saboda haka tsari ba daga takarda fara yake somawa ba, daga komawa ga asalin littafin yake somawa, da alƙalami a hannu. A rubuta abin da tauraron yake nema, da abin da yake tsoro, da yadda yake magana idan ransa ya ɓaci, da wanda yake jin nauyi. A bambance abin da littafin ya faɗa ɓaro-ɓaro da abin da mai karatu ya raya a zuciyarsa, domin su biyun sukan cakuɗe bayan shekaru. Sai kuma a nemi giɓi, wato wurin da marubucin asali ya yi shiru. Ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Duk abin da muka sani game da Malam Zurƙe ɗan Muhamman daga bakin jarumin littafin, Alhaji Imam, muka ji shi, mutumin da suka yi ta damfarar juna gari bayan gari. Wa ya ce haka abin ya faru? Me ya fitar da Zurƙe daga gida tun farko, ina yake shiga tsakanin haɗuwa da haɗuwa? Wanda ya ba Zurƙe baki ya faɗi nasa ɓangaren ya sami littafi sukutum, da sharaɗin kada ya wanke shi ya mayar da shi salihi, domin wayonsa shi ne abin da muke so. Irin wannan giɓi ne Jean Rhys, 'yar tsibirin Dominika, ta gani a cikin littafin Jane Eyre na 1847, inda aka kulle wata mata 'yar Jamaika a ɗakin sama ana ce mata mahaukaciya. A 1966 Rhys ta fitar da Wide Sargasso Sea, ta ba matar ƙuruciya da uwa da dalili. Ƙarshen matar sananne ne tun kafin a buɗe littafin, gobarar da za ta yi ajalinta tana jira. Aikin Rhys shi ne shimfiɗa hanyar da za ta kai can. Wannan darasi ne na tsari: wanda ya san inda labarinsa zai sauka shi ne ke sanin abin da kowane babi zai ɗauka.

Haɗari na biyu yana zuwa ne lokacin da marubuci ya shigo da sabon tauraro nasa. A 1973 Paula Smith ta rubuta wani ɗan gajeren labari na ba'a a kan abin da ta ga ya yi yawa a mujallun masoyan Star Trek. Jarumarta Mary Sue yarinya ce 'yar shekara sha biyar da rabi, ta fi kowa ƙwaƙwalwa a jirgin sararin samaniyar shirin, manyan hafsoshi na rawar jiki a kanta, ta ceci kowa, ta mutu ana ta kuka. Tun daga nan sunan ya zama lakabin duk tauraron da ba shi da aibi. Masu karanta littattafan soyayya sun san 'yar'uwarta: kyakkyawa, mahaddaciya, gwanar girki, wadda duk namijin da ya gan ta sai ya susuce. Illarta ba kyawunta ba ne. Illarta ita ce tana lanƙwasa tsofaffin taurari, mai girman kai ya zama mai biyayya, mai hankali ya zama sakarai, don kawai ta haskaka. Gaskiya ne an sha amfani da lakabin wajen kushe duk wata jaruma mai ƙarfi, kuma wannan ba adalci ba ne. Ma'aunin da ya fi shi ne a tambaya: shin akwai wanda yake ƙinta a labarin kuma yana da hujja? Shin ta taɓa yin kuskuren da ya ja mata asara?

Wani zai ce, idan dole a bi halin tauraro sau da ƙafa, ina 'yancin marubuci, alhali daɗin abin shi ne a yi abin da mai littafi bai yi ba? Amsar ita ce hali yana canzawa a labari, amma sai an biya farashinsa a gaban mai karatu. Masu ɗori a kan littattafan Harry Potter sun daɗe suna shiryar da Draco Malfoy, yaron nan mai wulaƙanci. Waɗanda suka yi nasara ba daga iska suka ɗauko tubarsa ba: a littafi na shida an aike shi kisa hannunsa ya kasa, a na bakwai an ce ya tabbatar ko Harry ne aka kamo ya yi ta kame-kame. Daga nan suke jan zaren, sannu a hankali, yana ci gaba yana komawa baya, bakinsa bai daina zafi ba. Haka nan labaran da ake ɗauke taurari daga duniyarsu a kai su wata, mayaƙi ya zama ɗalibi ko mai shago. A nan ne ma aka fi buƙatar riƙe hali, domin an cire gari da zamani da sutura, babu abin da ya rage da za a gane mutum da shi sai shi.

Batun daftari kuwa, masu sakin labari shafi-shafi kullum sukan ce tsari yana kashe armashi, gara a bar labari ya ja mutum. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma shafin da aka riga aka saki ba ya gyaruwa, kuma yawancin labaran da ke tsayawa a tsakiya ba kasala ce ta tsayar da su ba, marubucin ne ya kai kansa inda ba mafita. Takarda guda ta isa: mafari, manyan juyi uku ko huɗu, da ƙarshe. A rubuta daftarin farko da sauri ba tare da tsayawa gyaran jimla ba, a ajiye shi ya huce, sannan a dawo a rufe sunayen masu magana a karanta hirar da ƙarfi. Idan ba a iya gane wa ke magana, aiki bai ƙare ba. Daga nan a ba wani da ya san asalin littafin ya duba, wanda ba ya jin kunyar cewa wannan ba maganar wane ba ce.

Saura ƙorafi mafi nauyi, cewa duk abin sata ce da lalaci, kayan aro kuma ba ya rufe katara. Ta fuskar fasaha ƙorafin ba shi da ƙarfi: Imam kansa ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, babu wanda ya ce bai yi aiki ba. Ta fuskar haƙƙi kuwa yana da ƙarfi ƙwarai. Anne Rice ta hana a taɓa taurarinta, George R. R. Martin ma ya sha bayyana ƙinsa, yayin da wasu ke kau da kai muddin ba a sa kuɗi a ciki ba. A Nijeriya haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi; Imam ya rasu a 1981, don haka Zurƙe ba Gizo ba ne, yana da masu shi, kuma mai niyyar sayar da labarinsa sai ya nemi izini. A kuma kiyayi ƙaga wa ɗan fim mai rai soyayya ko abin kunya da sunansa na gaskiya, domin shi mutum ne mai iyali, ba tauraron takarda ba.

Anna Todd ta fara After a Wattpad a 2013 da sunan mawaƙin Ingila Harry Styles. Da aka zo buga shi littafi a 2014 sai aka mayar da jarumin Hardin Scott, labarin kuma bai rasa komai ba, domin tun farko suna da fuska kawai ta ara, halin nata ne. Duk mai ɗori zai iya gwada haka da daftarinsa. Idan ya sauya sunayen, labarin ya wargaje, ɗori ya rubuta, sai ya bar shi kyauta ga masoya 'yan'uwansa. Idan ya tsaya daram, to littafin kansa ne a hannunsa, sai ya raɗa wa taurarinsa suna ya nemi mai bugawa.