Kada ka danna fomat: Fayilolinka suna nan, adireshinsu ne ya ɓata

Ka jona rumbun ajiyarka a laftof kamar kullum, wato had-dis ɗin nan da kake yawo da shi a jaka, sai ga ɗan saƙo ya fito yana cewa sai an yi masa fomat kafin ya buɗe. Ko kuwa ka kunna kwamfuta ka ga ɓangaren C yana nan daram, amma D ya yi ɓatan dabo. A cikin D ɗin nan ne furojet ɗinka na ajin ƙarshe yake, ko hotunan bikin da ka ɗauka makon jiya ba ka kai wa amarya ba, ko bidiyoyin da ka yi shekara biyu kana tarawa domin shafinka na TikTok.

A irin wannan lokaci gaba na faɗuwa, hannu kuma yana ƙaiƙayin danna wani abu. To, ka riƙe hannun nan tukuna. A mafi yawan lokuta, idan fatishin ya ɓata, fayilolin da ke ciki ba su je ko'ina ba. Abin da ya fi hallaka su shi ne abin da mai kwamfutar ko abokinsa "gwani" ke yi a sa'a ɗaya ta farko.

Bari mu kwatanta da abin da kowane ɗan Kano ya sani. Ka ɗauki had-dis a matsayin makeken fili da aka yanka fuloti-fuloti, kowane fuloti shi ne fatishin, an gina gidaje a ciki, mutane sun tare. A ofishi kuma akwai takardar awo da ta ce fuloti na ɗaya ya fara daga nan ya ƙare a can. Idan wannan takarda ta yage, gidajen ba su rushe ba, masu gida suna cikin ɗakunansu. Baƙo ne kawai ba zai san inda zai nufa ba. Windows baƙon nan ne. Da ya duba bai ga takarda ba, sai ya ce maka wurin fili ne fetal, ya rubuta Unallocated. Idan kuma ya ga iyakar fuloti amma lambar ƙofa da kundin masu gida sun dagule, sai ya rubuta RAW, ya ba ka shawarar a share a sake gini.

Abin mamakin shi ne ƙanƙantar takardar. A tsohon tsari da ake kira MBR, tana zaune ne a sashen farko na faifan, wuri mai bayit 512 kacal, kuma jadawalin fatishin ɗin kansa bayit 64 ne a ciki, gurbi huɗu, kowanne 16. Wato abin da bai kai tsawon saƙon tes ɗaya ba shi ne ke riƙe da hanyar zuwa terabayit guda na kayanka. Sabon tsarin, GPT, ya fi wayo, domin yana ajiye kwafi na biyu a can ƙarshen faifan. Shi ma tsarin NTFS da Windows ke amfani da shi yana ɓoye kwafin sashensa na farko a ƙarshen fatishin. Waɗannan ragowar alamomi su ne manhajojin ceto ke bi suna lalube, kamar mai awo yana neman tsofaffin turaku a cikin ciyawa.

Me ke yaga takardar tun farko? A garin nan ba sai an yi dogon bincike ba. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi, laftof kuma batirinta ya mutu tun bara. An fizge waya daga jiki ba a sallami faifan ba. Kebul ya tsufa yana haɗuwa yana rabuwa. Wani lokaci kuma wajen sake ɗora Windows ne, mai gyara yana sauri, layi na jiransa, ya goge fatishin ɗin da ba shi aka nufa ba. Akwai kuma wani tarko da ke kama ɗalibai da yawa: manhajar Microsoft ta haɗa filashin ɗora Windows. Idan ka zaɓi babban had-dis ɗinka a maimakon filashi, za ta mayar da shi ɗan fatishin mai gigabayit 32 da suna ESD-USB, sauran wurin ya koma kamar babu komai. Wannan ya fi sauran muni, saboda an riga an yi gini a kan farkon filin, amma ko a nan, abin da ke can gaba yakan tsira.

Doka ta farko ke nan, kuma kusan ita ce dukan karatun: kada a sake rubuta komai a kan faifan. Kada ka yi fomat. Kada ka ƙirƙiri sabon fatishin "don a gani ko zai dawo". Kada ka sauke manhajar ceto a kan faifan da kake son cetowa, wannan kamar zuba bulo ne a kan rijiyar da zobenka ya faɗa. Ko umarnin chkdsk da ake yawan ba da shawararsa a bidiyoyin YouTube, ka bar shi tukuna, domin shi burinsa faifan ya daidaita, ko da kuwa zai yanyanka fayilolinka kafin ya kai ga haka. Idan faifan da Windows ke kai ne abin ya shafa, kashe kwamfutar shi ne mafi alheri, tunda ko kana zaune ba ka taɓa komai ba tana ta rubuce-rubucenta a ɓoye.

Idan har ka riga ka danna fomat, kada ka zauna makoki tukuna. Akwai na sauri, wanda yake ƙarewa cikin daƙiƙoƙi, shi sabon kundi kawai yake shimfiɗawa, kayan na nan a ƙasa. Akwai kuma cikakke, mai cin sa'o'i, wanda tun daga Windows Vista yake bin faifan yana rubuta sifiri a ko'ina. Wanda aka yi wa na biyun, sai dai a ce Allah Ya mayar da alheri.

Kafin ka taɓa kowace manhaja, kasa kunne. Had-dis mai faifai a ciki yana juyawa ne sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ga wani ɗan hannu da ke shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ko ƙwayar ƙura ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Idan ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, ko yana tashi yana mutuwa, matsalar ba ta takarda ba ce, injin ne ya samu rauni. Duk kunnawar da ka ƙara yi, ƙila hannun nan yana kankare faifan ne. Kada ka saka shi a firji kamar yadda wasu ke faɗa, kada ka bubbuga shi, kuma don Allah kada ka bari a kwance shi da sukudireba a kan teburi, balle a watan hunturu da ƙura ke shiga ko cikin aljihu. Irin wannan aiki ɗaki na musamman yake buƙata, mai tace iska, kuma kuɗinsa ba wasa ba.

Idan kuwa faifan yana juyawa lafiya, kwamfuta tana ganin girmansa daidai a Disk Management, to akwai kyakkyawan zato. Masu aikin da suka san hannunsu ba sa fara ceto a kan faifan asali. Sukan nemi wani faifan da ya kai shi girma ko ya fi, su kwafe shi kaf, sashe bayan sashe, har da wuraren da ake ganin babu komai, sannan su yi duk gwaje-gwajensu a kan kwafin. Manhajar ddrescue ta Linux don wannan aka yi ta: tana fara kwashe wurare masu lafiya, ta tsallake masu ciwo, sai daga baya ta dawo musu. Na san sayen faifai na biyu a wannan tsadar ba ƙaramin abu ba ne. Ka aro na aboki in ya kama. Ko ba don kwafin ba, dole ne ka samu wurin da za ka zuba abin da ka ceto.

Sai TestDisk. Wani Bafaranshe ne, Christophe Grenier, ya rubuta ta, kyauta ce, kuma ta haura shekara ashirin tana wannan aiki. Kada baƙin allonta ya tsorata ka, ba linzami, sai kibiyoyi da Enter, kamar kwamfutar zamanin kakanni. Za ka zaɓi faifan, yawanci ita da kanta take gano ko MBR ne ko GPT, sai ka shiga Analyse, ka bi da Quick Search. Idan ta nuno fatishin ɗin da ya ɓata, ka hau kansa ka danna harafin P. Nan ne za ka ga foldojinka da sunayensu, har da wadda ka raɗa wa "sabo na ƙarshe 2". Daga wannan wuri kana iya kwafe su zuwa wani faifan, kuma shawarata ka yi hakan kafin komai. Sai kayan sun tsallaka, ka buɗe su ka tabbatar suna aiki, sannan ka yi tunanin danna Write, wanda shi ke mayar da takardar awon wurinta. Idan binciken sauri bai ga komai ba, akwai Deeper Search, mai bin faifan tun daga farko har ƙarshe. Yana iya kwana yana yi, don haka ka tanadi wuta kafin ka fara.

In kundin sunayen ya lalace gaba ɗaya, ƙanwarta PhotoRec ce ke shiga. Ita ba ruwanta da adireshi, gida-gida take bi tana duba fuska. Kowane irin fayil yana da tambarin da yake farawa da shi, hoton JPEG da nasa, PDF da nasa, da ta gani sai ta tsamo. Za ta dawo maka da dubban fayiloli, amma ba suna, ba folda, sai lambobi, hoton ɗaurin aure a gefen sitikar WhatsApp ta shekara biyar da ta wuce. Manyan bidiyoyi kuma, waɗanda aka ajiye gutsure-gutsure a wurare daban-daban, sukan fito a karye. Masu tace finafinai da waƙoƙi a ofisoshin Zoo Road su ne wannan ya fi ci wa tuwo a ƙwarya.

Duk wannan bayani ya fi aiki a kan had-dis mai juyawa. Sababbin laftof SSD suke zuwa da shi, shi kuma yana da wani tsari da ake kira TRIM: da an goge abu ko an yi fomat, kwamfuta na sanar da shi, shi kuma ya share wurin da gaske, sau da yawa cikin ɗan lokaci. Haka wayoyin zamani, bayanansu a kulle suke da mabuɗin sirri, da an mayar da waya yadda ta fito daga kamfani mabuɗin ya tafi. Wanda ya ce zai dawo maka da hotuna bayan haka daga cikin wayar, alhali ba ka da su a Google ko iCloud, ka riƙe kuɗinka.

To idan abin ya fi ƙarfinka fa? Daga Gyadi-Gyadi zuwa kasuwar Farm Centre a Tarauni tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita sahu, kuma akwai matasa masu basira a can da kuma Beirut Road. Sai dai gwanin canza sikirin daban, gwanin ceto bayanai daban. Tambaya biyu za su nuna maka wanda kake gabansa. Ka ce, "Malam, a kan nawa faifan za ka yi aikin ko za ka fara kwafe shi?" Sannan, "Ina za ka zuba abin da ya fito?" Wanda ya ce bari ya fara yi masa fomat ya ga ko zai tashi, karɓi kayanka ka yi masa sai an jima. Ku yi ciniki a kan abin da ya dawo, ka ga fayilolin sun buɗe da idonka kafin ka biya.

Akwai kuma maganar da ba a cika yi ba, ke 'yar'uwa wannan ya fi shafar ki. Manhajar ceto ba ta san abin da kike so da wanda ba kya so ba. Za ta tono har hotunan da kika goge da gangan shekaru uku baya, da hoton katin banki, da takardun asibiti. Mun sha ganin yadda hoto ɗaya ke yawo a soshiyal midiya ya rusa aure ko ya hana shi. Dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 suna nan, amma shari'a ba ta dawo da hoton da ya riga ya zaga gari. In da hali ki zauna a yi aikin a gabanki, ko ki je da wanda kika amince da shi, a zuba kayan a faifanki, a kuma goge kwafin da ya rage a kwamfutar shago kina kallo. Haka idan za a sayar da tsohuwar laftof: fomat na sauri bai isa ba, wanda ya saya zai iya yin duk abin da muka lissafa a sama.

Kada ka ɗauka sakaci na talaka ne kaɗai. A 1998, ana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani umarni da aka buga bisa kuskure ya goge mafi yawan aikin, da aka je ɗauko ajiyar ko-ta-kwana kuma aka tarar ba ta aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. Mu ma nan gida, gobarar da ta tashi a Farm Centre ranar Babbar Sallah ta 2025 ta cinye shaguna da dama, kuma babu TestDisk ɗin da ke karanta toka. Raba faifai gida biyu, C da D, ba ajiya biyu ba ce, ɗaki biyu ne a gida ɗaya. Google na ba kowa gigabayit 15 kyauta, furojet ɗinka da takardun makaranta ba za su ci ko kashi ɗaya cikin goma ba. Masu ɗaukar hoton biki kuma, kada ku goge memorin kyamara sai aikin ya zauna a wuri biyu.

Abu na ƙarshe da za ka duba yau, tun kwamfutar tana lafiya: sababbin laftof masu Windows 11 da yawa suna zuwa da BitLocker a kunne ba tare da mai ita ya sani ba. Idan fatishin irin wannan ya samu matsala, ko an gano shi ba zai buɗe ba sai da mabuɗin ceto mai lamba 48. Yawanci yana cikin asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi. Idan a shago aka saita maka ita, ka bincika asusun wa aka saka, ka nemo lambar, ka rubuta ta a takarda ka ajiye tare da takardun makarantarka.