Sayen Gida da Izinin Zama a Ƙasar Waje

Mutane da yawa suna zaton wanda ya sayi gida a ƙasar waje ya samu izinin zama ke nan. Ba haka ba ne. A Faransa, baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba yana iya mallakar gida, amma in zai wuce kwana 90 sai ya nemi bizar dogon zama. Ita kuwa Ispaniya, a 2013 ta fara ba da izinin zama ga baƙon da ya sayi gida na yuro 500,000. Da tsadar gidaje ta dami ƴan ƙasa, sai aka soke tsarin a watan Afrilu na 2025. Saboda haka, takardar gida daban, takardar zama daban.