Rana tana kanmu, amma ƙashinmu yana ƙorafi

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Agye, Gazawa da Gidan Rumji, idan aka ce wani cikinmu yana fama da ƙarancin rana, dariya za ku yi. Wanda ya taɓa sharar gona a watan Afrilu ya san rana ba baƙuwa ba ce a jihar Maraɗi. Duk da haka akwai wani sinadari da fatar mutum take haɗawa idan rana ta taɓa ta, kuma mutane da yawa ba su da isasshensa. Likitoci suna kiransa bitamin D.

Aikinsa shi ne ya taimaki hanji ya tsotsi kalsiyom, wato sinadarin da yake ƙarfafa ƙashi da haƙori. In ya yi ƙaranci, ƙashin babba yakan yi laushi. Sai ciwon baya da na ƙugu, sai kasala, sai mutum ya kasa tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa. Mu kuma mu ce sanyin ƙashi ne, mu tari mai tallar magani ranar kasuwa.

A shekara ta 2020 masana sun tattara awon jinin da aka yi a ƙasashen Afirka da dama. Sun tarar kusan mutum 34 cikin 100 ba su da isasshen bitamin D, wato mutum guda cikin uku. Abin ya fi yawa ga mata, da jarirai sababbin haihuwa, da mazauna birni. Galibinsu ba su san da shi ba, domin ba ya zuwa da zazzaɓi. Awon jini kaɗai yake nuna shi, kuma ba awo ba ne da ake yi a ƙaramar likitar ƙauye.

Yaya haka ta faru a ƙasar rana? Baƙar fata kariya ce daga zafinta, amma tana bukatar lokaci fiye da farar fata kafin ta haɗa wannan sinadari. Manomin da yake wuni a gonar gero ba shi ne abin damuwa ba. A duba cikin gida. Ga matar kulle da take wuni tsakanin ɗaki da inuwar rumfa, in ta fita kuma da dare ne, cikin lulluɓi. Ga mai jego da ta shafe kwana arba'in a ɗaka, jariri yana tsotson abin da ita kanta ba ta da shi. Ga tsoho da tsohuwa da ƙafa ta gaza. Su ne ya kamata mai gida ya sa wa ido. Ba a ce a bar sutura ba. Tsakar gida tana da katanga. Mace tana iya sheƙe hatsinta a fili, hannuwa da ƙafafu a buɗe, na ɗan lokaci da hantsi, sau da yawa a mako.

Sai maganar abinci, a nan ne nake da ƙorafi. Kifi, hanta da gwaiduwar ƙwai suna da bitamin D. Da damina zabi suna zuba ƙwai, amma kwando guda ake kai wa kasuwa, ba a bar ko biyu a gida ba. Har yanzu wasu suna cewa yaron da ya ci ƙwai ɓarawo zai zama. Wa ya taɓa ganin haka?

Rana ita kaɗai ba ta isa. A Jos ta Najeriya, a 1999, likitoci sun nuna cewa yara masu lanƙwasassun ƙafafu a can, rashin kalsiyom a abincinsu ya fi damunsu. Gero da dawa ba su da shi da yawa. Ana samunsa a nonon saniya da na jar akuyarmu, da zogala, da kuka, da riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙashinsu a miya.

Mai ciki da take jin ciwon ƙugu ko nauyin tafiya, ta faɗa wa ungozomar likita ranar awo. Kada a sayi ƙwayar bitamin D a hannun mai talla, domin in ta yi yawa a jiki tana lalata ƙoda. Likita ne zai faɗi adadin da za a sha da yawan kwanakin.