Manyan Tayoyi Da Haƙoran Aksul

Duk wanda ya san gabashin Sakkwato ya san kwalta ba ta kai ko'ina ba. Babbar hanya ta taso daga birni ta bi ta Achida ta nufi Goronyo, amma da ka sauka daga kanta, ko don ka gangara fadamar Wurno ko don ka shiga ƙauyukan Rabah wajen Gandi, to, sai rairayi da rani, sai laka da damina. Alhali kuwa can ne arzikin yake. Albasa da tafarnuwa da shinkafar da ake nomawa a bakin Gulbin Rima, balle tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, sai mota ta shiga ta ɗauko su. Motar da ta kafe da buhunan albasa cikin rana hasara ce ga manomi da direba baki ɗaya. Ga kuma halin da ake ciki na 'yan bindiga a shekarun nan, babu direban da ke son magariba ta riske shi tsaye a daji.

Saboda haka masu akori-kura da jif, irin su Toyota Hilux da Land Cruiser da 'yan tsofaffin Land Rover da suka saura, sukan cire tayoyin da mota ta zo da su, su sa manya. Dabara ce mai kyau, gama cikin mota yakan ɗaga sama, ya daina gugar tudun da ke tsakanin sawun taya. Amma fa bayan mako guda sai ka ji mai motar yana ƙorafi, wai injinsa ya mutu, mota ba ta tashi da kaya sai ya ƙona kuloci. Ni a garejin kawuna nake yin hutu, ina miƙa sufana ina wanke ƙarafa da kananzir, na kuwa ji wannan ƙorafi sau da yawa. Galibi injin lafiyarsa lau. Abin da ya sake shi ne lissafin da ke tsakanin injin da ƙasa, shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai.

Mu fara da keke, tun da kowa ya hau. Sarƙa tana kan faranti biyu masu haƙora, babba a wajen feda, ƙarami a ƙafar baya. In aka sa maka farantin baya mai haƙora da yawa, za ka hau tudu ba wahala, sai dai ƙafarka za ta yi ta juyawa keke bai yi nisa ba. In aka sa mai haƙora kaɗan, ka yi gudu a fili, amma a tudu sai ka sauka ka tura. Mota ma haka take. Bayan giyabos akwai dogon ƙarfen nan mai juyawa a ƙarƙashin mota, watau farfela. Shi ke kai juyin injin zuwa wani tulun ƙarfe da ke tsakiyar aksul. Cikin tulun nan akwai giya biyu da ke cizon juna: ƙarama a bakin farfela, wadda kanikawa ke kira finiyan, da babba mai siffar faifai wadda ke juya ƙafafu. Ka ƙidaya haƙoran faifai ka raba da na finiyan, abin da ya fito shi ne lambar aksul. Faifai mai haƙora 41 da finiyan mai 10 sun ba da 4.10, ma'ana sai farfela ya juya sau 4 da ɗan ɗoriya kafin taya ta kewaya sau 1. In finiyan mai haƙora 9 ne, lamba ta zama 4.56. Haƙora 39 da 8 kuwa 4.88 ke nan. Yawan lamba, yawan ƙarfin ja, ragin gudu.

To, ina ruwan taya a ciki? Ai taya ita ce giya ta ƙarshe, ko da yake ba ta da haƙori. Babbar taya tana cin ƙasa mai tsawo a kewaye guda, don haka ƙarfin da aksul ya ba ta yana rabuwa a kan tafiya mafi tsawo. Ɗauki misalin akori-kura mai lamba 4.10 wadda ta zo da taya mai tsawon inci 29, aka mayar mata da 7.50-16 wadda ke wajen inci 32. Raba 29 da 32, za ka ga saura kashi 91 cikin 100. Watau kusan ushirin ƙarfin da ke isa ƙasa ya tafi, a kowace giya, har giyar ɗaya da ake tashi da ita. Ga kuma nauyin tayar kanta. Har agogon gudu ya koma yin ƙarya, yana nuna kilomita 80 alhali motar tana yin wajen 88.

Maganin yana cikin lissafin aji ɗaya. Ka ninka tsohuwar lamba da tsawon sabuwar taya, ka raba da tsawon tsohuwa. A misalinmu 4.10 sau 32, a raba da 29, ya ba da 4.52. Ba a ƙera wannan lamba ba, amma 4.56 tana kusa, da ita mota za ta koma kamar yadda masu ita suka tsara. Wanda aikinsa duk a fadama ne, yana ɗaukar kaya fiye da kima kamar yadda aka saba a nan, yana iya zarcewa zuwa 4.88. Sai dai ya sani in ya hau kwalta zai tafi Sakkwato injin zai riƙa kuka fiye da da, ya kuma ƙara shan mai, wanda ba abin wasa ba ne tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Akwai ma 5.29, haƙora 37 da 7, amma ni ban ga amfaninta a nan ba. Duk sa'ad da haƙoran finiyan suka ragu, shi kansa ƙanƙancewa yake yi, ga mu kuwa da lodi.

Kafin a sayi kome sai a san lambar da ke cikin motar, don motocin da ke shigo mana sun sha hannu, abin da ke rubuce jikin farantin kamfani ba lalle shi ne a ciki ba. Gwajin ba ya bukatar kwance ko kusa ɗaya. A tare ƙafafu da dutse, a sa giya a firi, a ɗaga ƙafar baya guda ɗaya da jak, a yi alama da alli a jikin taya da jikin farfela. Mutum ɗaya ya juya taya sau 2 cif, wani yana kwance yana ƙidaya juyin farfela. In ya ƙidaya 4 da ɗan kaɗan, 4.10 ce. In 4 da rabi ne, 4.56. Dalilin juyawa sau 2 shi ne ɗaya ƙafar tana ƙasa ba ta motsi, ƙananan giyoyin da ke cikin tulun, masu barin ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana, suna raba juyin biyu.

Yanzu ga wurin da mutane suka fi yin ɓarna. Motar daji aksul biyu ke ja mata, gaba da baya, tilas kuwa lambarsu ta zama ɗaya. Tsofaffin Land Rover da ake kira Series suna da 4.7, Range Rover ta farko da Defender kuwa 3.54, kuma wasu daga cikin tulunansu suna shiga mazaunin juna daram. A ce na baya ya lalace, mai mota ya tafi kasuwar kayan gyara aka ba shi mai 3.54, ya ɗaura. Muddin ƙafafun baya kaɗai ke ja ba zai ga kome ba, har ya yi murna mota ta ƙara gudu. Ran da ya shiga rairayi ya sa giyar ja da ƙafa huɗu, ƙafafun baya za su nemi yin taku 4 sa'ad da na gaba ke yin 3. A yashi tayoyi su yi ta tono suna binne kansu. A ƙasa mai tauri kuwa, inda taya ba ta samun zamewa, ƙarfe ne zai ba da kai, ko sandar aksul ta karye ko haƙoran ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi su zube. Saboda haka mai son canji ya yi tanadin kuɗin biyu. Bambancin 4.10 da 4.11 dai ba kome, bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Shin mutum ya yi a gida ko ya kai wa gwani? Amsar ta danganta da irin aikin, gama iri biyu ne. A yawancin tsofaffin Toyota da Land Rover, tulun yana fita ɗungurungum in an zare sandunan aksul, an kwance farfela da kusoshin da suka kewaye shi. In ka sami wani tulun na hannu mai lambar da kake so, wanda ba a taɓa saitinsa ba, to, sauke wannan ɗora wancan ne. Direba mai hankali da sufanunsa da abokin taimako ya gama a yini guda a ƙofar gida. Sai dai ya ƙidaya haƙora da kansa a gaban mai sayarwa, ya duba ba su da tsaga ko rami, ya kuma tabbata bakin sandar aksul ya dace, ya shimfiɗa tabarma ko buhu don kada ƙwayar yashi ta shiga.

Amma in sabon faifai da finiyan za a sa cikin tsohon tulu, wannan wani abu ne daban, a ganina kuwa ba aikin gindin bishiya ba ne. Su biyun tare aka goge su a masana'anta, ba a haɗa na wannan da na wancan. Sa'an nan akwai awo uku da dole su faɗa daidai. Na ɗaya zurfin finiyan, wanda ake gyarawa da siraran wasoshi da ake sawa bayan boris. Na biyu ƙarfin ɗaurin boris, kada ya yi sako-sako kada ya shaƙe. Na uku 'yar ratar da ke tsakanin haƙori da haƙori, wadda a ƙaramin aksul na Toyota take tsakanin milimita 0.13 da 0.18, watau ba ta kai kaurin takardar littafi biyu ba. Ido ba ya ganin wannan, sai agogon awo mai allura. Bayan haka a shafa wa 'yan haƙora fenti, a juya, a duba inda ya goge. Ana so sawun ya faɗa tsakiyar haƙori. In ya hau baki ko ya sauka gindi, sai a kwance duka, a sake wasa, a mayar, a sake dubawa. Na ga kawuna ya yi haka sau 5 a kan tulu ɗaya, mai motar yana ta kai da kawowa yana cewa, "Oga, ai ya zauna, a ɗaure kawai." Kawu bai ɗaga kai ba, ya ce, "Alhaji, yi haƙuri. In na ɗaure haka, kafin ka kai Goronyo ka ji shi yana kuka." Haƙoran da aka ɗaure a karkace sukan fara da ɗan gunji, su yi zafi, su cinye juna, kuma sawun da suka yi ba ya gyaruwa. Don haka wanda ya kai aiki ya tambaya a nuna masa agogon awon nan. In babu, ya ɗauki kayansa ya yi gaba, ko da zai kai har Sakkwato ko Kano.

Af, kada in sa kowa ya ruga kasuwa. Da yawa daga masu ƙorafi ba su bukatar wannan aiki. Wani in ya koma taya mai inci 30 ko 31 ya huta. Wani kuwa bai san rage iskar taya kafin shiga rairayi ba, alhali wannan kaɗai yakan fid da motar da ta kafe, in dai zai mayar da iskar kafin ya hau kwalta. Wani ƙaramar giyar ƙarfi tana nan a motarsa, bai taɓa sa ta ba.

Wanda ya sa sababbin haƙora kuwa sai ya lallaɓa su. Tafiyar farko ya yi kilomita 25 ko 30 ba kaya, ya tsaya tulu ya huce, ya kuma guji lodi mai nauyi har ya cika wajen kilomita 800, sa'an nan ya zubar da man ya zuba sabo. Man giya mai kauri ake sawa, lamba 90 mai alamar GL-5, ba baƙin man injin ba. Mu mutanen fadama muna da ƙarin dubawa guda. Aksul mai zafi in ya shiga ruwa yakan yi sanyi farat ɗaya, ya zuƙi ruwa ta 'yar kafar numfashin da ke samansa. Saboda haka duk wanda ya ƙetare rafi da damina ya buɗe kusar man ya tsoma yatsa. In man ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a zubar da shi ran nan.