Yaro Goma, Kujera Uku: Yadda Ake Jera 'Yan Ƙwallo Masu Tasowa

A hutun da ya wuce na koma gida Batsari da niyyar in huta, in ɗan taɓa aikin furojet ɗina. Kwana biyu da sauka sai kocin ƙungiyar unguwarmu ya aiko a kira ni. Na same shi bakin fili bayan La'asar, yana riƙe da wata takarda da ta sha ninki. Ya ce, "Ɗalibi, kai da ka je makaranta, zo ka fitar da ni kunya." Wata makarantar koyar da ƙwallo a Katsina ce za ta yi gwajin yara, ta ba shi gurbin mutum uku. Shi kuwa yara goma gare shi da kowa ke cewa sun isa: bakwai daga cikin gari da wajen Ruma, uku daga wani kocin abokinsa a Safana. Ga kuɗin mota da na abinci ma na ukun ne kawai aka iya haɗawa. Cikin goman nan har da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya.

Da daddare a teburin mai shayi kowa ya zama gwani. Wannan ya ce a tura wanda ya fi cin ƙwallo, wancan ya ce a tura mai yanka, wani ya ce ai ɗan wane ne ya kamata tunda ubansa ya sayo wa ƙungiya jesi. A nan na gane cewa yawancinmu, duk da awannin da muke kashewa a gidan kallo, ba mu san yadda ake jera 'yan wasa masu tasowa ba. Abin da na koya a makon nan shi nake so in baje mana a wannan shafi.

Abu na farko: jerin masu tasowa ba jerin waɗanda suka fi iyawa yau ba ne. Tambayar ita ce, nan da shekara biyar wa zai fi amfani? Waɗanda suka fi kowa mayar da wannan sana'a su ne Amurkawa, a wasansu na besbol, wanda ake maka wa ƙaramar ƙwallo kulki a ruga da gudu. Manyan kulob-kulob 30 ne a babbar gasarsu, kuma kowanne yana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a ƙarƙashinsa, hawa-hawa kamar tsani, ban da na sababbin shiga. Yaro zai iya shekara huɗu ko biyar yana hawan tsanin nan kafin ya taka babban fili. Saboda haka kowace shekara ake fitar da jerin yaran kowane kulob, na ɗaya zuwa na goma ko na talatin. Mujallar Baseball America tana fitar da jerin mutum 100 na ƙasa baki ɗaya tun 1990.

Masu farauto 'yan wasa a can ba sa cewa "yaron nan ya iya" su yi shiru. Suna rarraba iyawar gida-gida: gudu, ƙarfin jifa, kamun ƙwallo, dacewar duka, ƙarfin duka. Kowanne su ba shi maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan wasan babbar gasa. Sannan maki biyu suke rubutawa, na yadda yaro yake yanzu da na inda ake zaton zai kai. Wannan dabarar ce na ara, na rage ta zuwa maki 1 zuwa 5 don kada in ruɗa Koci.

Sai maganar shekaru, wadda ita ce uwar komai. Ɗan shekara 15 da ke iya tsayawa da 'yan 19 ya fi ɗan 19 da ke wasa da 'yan 15 kamar ya samu tuwo, ko da na biyun ya ninka shi cin ƙwallo. Na farkon yana da sauran girma a jikinsa, na biyun ya kusa ƙure nasa. To a nan ne gizo ke saƙa a wajenmu, don kowa ya san "shekarun ƙwallo" daban suke da na haihuwa. Hukumar FIFA ta fara amfani da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17 ta duniya a 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙunci har aka buga wasu wasanni a Kano da Kaduna. Ana ɗaukar hoton wuyan hannu ne, a duba ko ƙashin wurin ya gama haɗewa. In ya haɗe gaba ɗaya, ana ɗauka yaro ya wuce 17. A 2016 yara 26 daga sansanin Najeriya suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya. Mu ba mu da na'ura a Batsari, amma muna da abin da ya kusa kama ta: mun san wa ya shiga firamare tare da wa, kuma iyayenmu mata ba sa manta wa aka yi wa suna a damina ɗaya da wa. Da muka bi ta nan, yaron da kowa ke kira lamba ɗaya, mai tiƙa ƙwallo a raga kowane wasa, ya tashi daga 16 ya koma 20.

Na biyu, da wa ya buga? Ƙwallo goma a ragar ƙungiyar da golanta ke tsaron gida da silifas ba daidai suke da ƙwallo uku a wasan kusa da na ƙarshe na gasar hutu ba. Shi ya sa har yau ake ambaton abin da Ahmed Musa ya yi a Kano Pillars a kakar 2009/2010: ƙwallo 18 a babbar gasar ƙasa, tsakanin ƙarti masu iyali, yana ɗan shekara 17. Yawan ƙwallayen abin yabo ne, amma shekarunsa da irin mutanen da ya ci su ne suka sa Turawa suka waiwayo.

Na uku, a raba abin da ake iya koyarwa da wanda ba a iyawa. Koci zai iya koya wa yaro inda zai tsaya, yadda zai tare, yadda zai yi bugun kwana. Gudu kuwa da tsawo yawanci baiwa ce, horo ɗan ƙari kawai yake yi. Akwai kuma abin da na lura idon 'yan kallo ba ya kamawa: taɓawar farko, da waiwayen da yaro ke yi kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa. Wanda ya duba bayansa sau biyu kafin a ba shi fasin ya riga ya san inda zai tura. Mu kuma a bakin fili ihu muke wa mai yanka, ko da bayan ya yanke mutum uku ƙwallon waje take fita. Na zauna wasa huɗu da littafi da biro, ina ƙirga wa kowane yaro sau nawa ya karɓi ƙwallo, sau nawa ya ba nasa, sau nawa ya zubar. Wani siririn yaro daga Safana, ɗan tsakiya wanda ko laƙabi ba a ba shi ba, shi ya fi kowa ƙarancin zubarwa, kuma da ƙafa biyu yake wasa.

Na huɗu, akwai bambanci tsakanin ƙololuwar da yaro zai iya kaiwa da mafi ƙarancin abin da zai zama. Wani in komai ya tafi daidai zai iya zama tauraro, in abu ɗaya ya kuskure ya koma sayar da katin waya. Wani kuma ba zai taɓa zama tauraro ba, amma da wuya ya rasa ƙungiyar da za ta ɗauke shi ɗan baya. Wa za ka sa a sama? Ya danganta da mai tambaya. Babban kulob mai kuɗi zai iya yin caca da na farko, don in ya faɗi akwai wasu ashirin. Mai kujera uku kamar Koci dole ya gauraya: ɗaya na caca, biyu masu tabbas, don in duka ukun suka dawo hannu rabbana, baɗi ba za a sake ba shi gurbi ba.

Na biyar shi ne hali, kuma shi ya fi wuyar aunawa. Yana zuwa atisaye a kan lokaci? In aka cire shi daga wasa, zama yake ya kalla ko cire jesi yake ya tafi gida? In an ci ƙungiyarsa biyu, neman ƙwallo yake ko ɓuya? Ga lafiya: gwiwar da ta taɓa kumbura sau biyu ba ta da amana. Ga kuma tambayar da ba kowa ke son yi ba, ko yaro ya fara taɓa ƙwaya. Yaron da za a kai Katsina ya kwana ɗaki ɗaya da baƙi, nesa da idon iyaye, halinsa ne zai riƙe shi kafin ƙafarsa.

Duk da wannan lissafi, kada wani ya ɗauka jeri wahayi ne. A gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2015 a ƙasar Chile, wadda Najeriya ta ɗauka karo na biyar, Kelechi Nwakali aka zaɓa gwarzon gasa, Victor Osimhen kuma ya ci ƙwallo 10. Arsenal ta ɗauki Nwakali a 2016, ya yi ta yawon aro, ya bar ta a 2019 bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Osimhen ya tafi Wolfsburg ta Jamus, ya kasa cin ko ƙwallo ɗaya, sai da aka ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam a 2018 sannan ya farfaɗo. Wanda ya yi jeri a tsakiyar 2018 da ya jefa shi can ƙasa. A 2023 ya ɗauki kofin babbar gasar Italiya da Napoli, aka kuma naɗa shi gwarzon Afirka. Su ma masu besbol ɗin, da duk makinsu, sun taɓa barin Mike Piazza har sai da aka zaɓi mutum 1,389 kafin shi a 1988, ga shi a 2016 an shigar da sunansa zauren gwanayen wasan na tarihi. Amfanin jeri shi ne ya rage son kai da kuskure, kuma dole a riƙa sabunta shi.

Matsalarmu ta yammacin Katsina ta ma wuce ta jeri. Kafin a jera yaro sai an gan shi. Tsanin ƙwallon Najeriya yana nan: gasar NPFL a sama, inda Katsina United ta hau a kakar 2017 tana wasa a filin Muhammadu Dikko, sai NNL, sai NLO a ƙasa. Amma ina matakin da ya haɗa filin firamare na Runka da ƙasan tsanin nan? Shekarun da 'yan bindiga suka addabi garuruwan da ke gefen dajin Rugu, wane mai farauto 'yan wasa ne zai kama hanyar Batsari ko Safana don kallon wasan yamma? A ƙarshen 2021 har layin waya aka datse mana na tsawon watanni, ko bidiyon yaro ba ka iya turawa. Ƙungiyoyin ƙauye da dama sun watse, yaran sun bi iyayensu gudun hijira zuwa cikin Batsari, Dutsin-ma ko Katsina. Biyu daga cikin goman da na ƙirga 'yan gudun hijira ne, ɗaya da takalmin aro yake wasa.

Inda ido bai kai ba kuwa, nan ɗan damfara ke yin kasuwa. Wani maƙwabcinmu ya sayar da bijiminsa na huɗa ya ba wani mai kiran kansa ejan, wai zai fitar da ɗansa mai shekara 16 zuwa Turai. Har yau lambar ba ta shiga. Da ya san doka da bai ba da ko sisi ba: FIFA ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi da ba su shafi irin yaranmu ba. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holand. Kuma kulob na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun uban yaro. Shi ne ma doka ta ɗora wa biyan ladan raino ga ƙungiyoyin da suka horar da yaron tun yana 12, in dai suna da rajista. Wannan ya isa dalilin da zai sa kociyoyinmu su yi wa ƙungiyoyinsu da yaransu rajista a hukumance.

To ya aka ƙare? Siririn yaron Safana ya zo na ɗaya. Wani gola dogo ɗan 15 daga wajen Ruma ya zo na biyu. Na uku ɗan baya ne, ɗaya daga cikin 'yan gudun hijirar. Ƙanena ya zo na huɗu, da ratar maki ɗaya. Gudu gare shi kamar barewa, amma ƙafar hagunsa ta hawa mota ce kawai, kuma sau biyu ya yi fushi ya bar fili a gabana. Wallahi na daɗe ina kallon takardar nan, biro a hannuna. Maki ɗaya ne, ba wanda zai sani. Koci ma ya ce, "Ɗalibi, in kana so a duba." Na ce a bar shi yadda yake.

Kwana uku yaron nan bai yi mani magana ba. Inna ta ce, "Kai yanzu bokon naka a kan ɗan'uwanka zai fara?" Ban da amsar da za ta gamsar da ita. Ranar da zan dawo makaranta na ba shi shafin da na yi masa ƙirga, ya ga inda ya zubar da ƙwallo sau tara a wasa ɗaya, bakwai a ƙafar hagu. Bai ce komai ba, ya ninke ya sa aljihu. Makon jiya ya kira ni ya ce, "Yaya, in ka zo hutu ka taho da littafin nan."

Mu da ke cikin makarantar nan daga Batsari, Safana, Ɗanmusa da Jibiya muna da yawa, kuma kusan kowa na da waya mai ɗaukar bidiyo. In ka je hutu, ka ba filin unguwarku yamma huɗu. Rubuta sunan yaro, shekarunsa na gaskiya, da wa ya buga, me ya yi da ƙwallo. Ka ba koci kwafi, ka riƙe ɗaya. Ran da wani zai zo neman yara uku, a samu takardar da za a ɗora masa a hannu.